Kiɗan Jaz da Kunnen Mai Shakka

Mai sauraron da ya tashi a Belel, kusa da iyakar Kamaru a yankin Mubi, ya saba da kiɗan da ke yi wa magana hidima, domin kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos share wa baiti hanya suke yi, kuma ko ganga ce kaɗai ke tashi, masani yakan tsinci taken wani a cikinta. Saboda haka idan aka kunna masa faifan Kind of Blue, wanda mabushin ƙaho Miles Davis ya fitar a Amurka a 1959, hukuncinsa na farko shi ne makaɗan suna gwada kayansu ne kafin mawaƙi ya iso, alhali babu mawaƙin da zai zo har faifan ya ƙare.

Wannan shakka tana da hujja, amma ta samo asali ne daga rashin sanin ƙa'idar jaz, wato kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro a New Orleans a farkon ƙarni na 20, wanda ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take. A kiɗan farko na faifan, So What, ana soma gabatar da gajeren jigo, sannan Davis ya yi nasa sharhin a kansa da ƙaho, John Coltrane da Cannonball Adderley su biyo baya da saksofon, Bill Evans ya karɓa da piyano, kafin a komo ga jigon. Davis bai rubuta musu abin da za su busa ba, iyaka ya ba su jerin sautukan da za su yi yawo a cikinsu, shi ya sa wanda ya maimaita sauraro yake gane cewa Davis mai tsimin sauti ne, yana barin gurbin shiru, Coltrane kuwa kwararo su yake yi babu ƙaƙƙautawa.

Abin da mai shakkar yakan manta shi ne busar da ba ta da kalmomi ba baƙuwa ba ce a ƙasarsa, tunda sarewar makiyayi Bafulatani ba ta jiran mawaƙi. Wannan sarewa ce Yusef Lateef, mabushi Musulmi da ya tashi a Detroit, mai faifan Eastern Sounds na 1961, ya nazarta lokacin da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985.

Ba dole ne kowa ya so jaz ba, kuma akwai faifan da hayaniyarsa ta fi ma'anarsa yawa, sai dai Kind of Blue ba ya cikinsu. Mai son yi masa adalci ya zaɓi mabushi ɗaya ya bi shi daga farkon busarsa zuwa ƙarshenta, sannan ya yanke hukunci.