Ana Iya Gane Mararraba Mai Haɗari Tun Ba Ta Ci Mutum Ba

Jama'a, ranar Alhamis Damagaram takan cika maƙil. Mukan shigo daga Mirriya, daga Dogo da sauran ƙauyuka da gero, da awaki, da amalanke, mu nufi kasuwar Dole. Kafin mu kai, sai mun ƙetare kwalta. Sabbin tituna da aka shimfiɗa don bikin Zinder Sabuwa na 2018 sun yi kyau, amma mota ta fi gudu a kan hanya mai santsi.

Idan mota ta kaɗe mai tafiya ƙasa a mararraba, mukan ce tsautsayi ne. Gaskiya ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma manomi yakan dubi gabas ya ce ruwa na tafe, kuma ba duba ya yi ba, alamu ya karanta. Haka ma mararraba take da alamunta.

A shekarar 2010 masanan hanya na Amurka sun fitar da littafin da ke nuna yadda ake wannan lissafi a mararraba mai fitilar ba da hannu, wato ja da ruwan ɗorawa da tsanwa. Ana ƙirga motocin da ke wucewa a yini, da mutanen da ke ƙetarawa da ƙafa, da yawan layukan mota da mutum zai tsallake kafin ya kai ɗaya gefen. Sannan a duba ko akwai makaranta, ko wurin tsayawar motocin haya, ko mashaya cikin mita 300. Duk inda waɗannan suka taru, haɗari ya fi yawa. Lissafin ba ya faɗin wanda za a kaɗe ko ranar, yana dai nuna wurin da ya kamata hukuma ta fara gyarawa. A ganinmu, da a nan aka rubuta littafin, da an sa kabu-kabu da adaidaita da ranar kasuwa a ciki.

To, me ya sa ake kaɗe mutum alhali ga fitila? Sau da yawa mai kwana ne. Ka ga ja ta tsayar da motocin hanyar da za ka ƙetare, ka sa ƙafa. A lokacin nan tsanwa ta saki na ɗaya hanyar, wani cikinsu ya karyo kwana ta bayanka, idonsa na kan motoci, ba kanka ba. Don haka mu waiwaya kafin mu taka.

Ga kuma lokaci. Mai lafiya yana bukatar kamar sakan 10 ya ƙetare hanya mai faɗin mita 12. Tsoho, ko mace mai goyo da kaya a kai, sun fi haka. Ita kuwa mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a sakan guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda aka kaɗe yana ninkuwa sau huɗu da rabi.

Idan mun tarar fitila ta daɗe da tsayar da motoci, mu jira zagaye na gaba. Yaro kuma a riƙe shi a wuyan hannu, domin yatsu suna suɓucewa.