Shin Ko Kun San? Hoto Ɗaya, Ɗauka Uku

Shin ko kun san cewa da yawa daga cikin hotunan duwatsu da teku da ke jikin kalanda ba ɗauka ɗaya aka yi musu ba? Idon mutum yana iya ganin jan almuru a sama, ya kuma ga ciyawar da ke inuwar dutse a lokaci guda. Kyamara ba ta kai nan ba. In ta kama sama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. In ta kama ƙasa, sama ya yi fari fat. Wanda ya taɓa ɗaukar mutum a bakin zaure, haske na bayansa, ya san zancen. Shi ya sa gwanaye ke kafe kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, su ɗauki wuri ɗaya sau uku ko biyar, daga mai duhu zuwa mai haske, sannan su tsinci mai kyau daga kowanne su haɗe.

Shin ko kun san dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba? A 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya fitar da hoton igiyar teku da ya ɗauka a garin Set, kudancin Faransa. Sinadarin wancan zamani yana saurin kama shuɗin haske, don haka kafin ruwa ya fito sosai, gajimare ya riga ya ɓace. Sai ya ɗauki teku daban, sama daban, ya wanke su a kan takarda ɗaya. A 1999 an sayar da kwafin hoton a Landan kan kuɗi sama da fam 500,000.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wani mai ɗaukar hoto, Ansel Adams. Ranar 1 ga Nuwamba, 1941, yana tuƙi da yamma a jihar New Mexico ta Amurka, sai ya hango wata ya keto bisa ƙauyen Hernandez, sauran hasken rana na haska maƙabartar ƙauyen. Ya taka birki, ya nemi na'urar awon haske ya rasa, sai ya yi lissafi da ka, don ya haddace ƙarfin hasken wata. Ɗauka ɗaya ya samu. Kafin ya shirya ta biyu rana ta janye. Sauran aikin a ɗakin wankin hoto ya yi shi: ya tare haske da hannu ko da guntun kwali a inda yake so ya yi fari, ya ƙara shi a inda yake so ya yi duhu. Ya wanke kwafi sama da 1,300, kuma yadda shekaru ke tafiya haka yake ƙara wa saman duhu. Har gobe, in kun buɗe manhajar gyaran hoto ta Photoshop, za ku ga alamar hannu a kan kayan ƙara duhu. Daga wannan sana'a aka gado ta.

Shin ko kun san wayar da ke aljihunku ma haka take yi? Tun 2010 iPhone 4 ta fara ɗaukar hoto uku a jere ta haɗe su. Wannan dabarar ce ake kira HDR.

Amma fa akwai iyaka. A Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalolin Giza na Masar kusa da juna don su shiga bangon gaba, ta kuwa sha suka. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce gona da iri. A ganina, mayar wa hoto abin da ido ya gani a wurin aikin kirki ne. Ɗora masa wata ko hadarin da babu shi a ranar, a kuma yi shiru, yaudarar mai kallo ce.

In za ku gwada, ku fita da sassafe ko dab da magariba, ku jingina waya da abin da ba ya motsi. In kun ga wani farin zobe ya kewaye kan bishiya ko dutse, gyara ya yi yawa, sai a rage.