Daniel Johnston: tsarin waƙa ya ɗauke shi, ba ƙarar kaset ba

Da 'yar rikoda ƙirar Sanyo mawaƙi Daniel Johnston ya naɗi kundin Songs of Pain a gidan iyayensa da ke West Virginia a Amurka, ya sake shi a 1981. A 1983 ya ƙara da Yip/Jump Music da Hi, How Are You. Muryarsa siririya ce mai rawa, takan riga kiɗa ko kiɗa ya riga ta, ga kuma shuuu ɗin kaset a ƙarƙashin komai. Irin wannan naɗi na cikin ɗaki, ba situdiyo ba injiniya, shi ake kira lo-fi. A Austin, inda ya yi aiki a McDonald's, hannu da hannu yake raba kaset ɗinsa ga duk wanda zai karɓa.

Masu suka suna cewa ba waƙarsa aka so ba, larurarsa aka zo kallo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa, an sha kwantar da shi a asibiti, kuma sunansa ya bazu ne bayan mawaƙi Kurt Cobain ya sanya riga mai ɗauke da kwaɗon da Johnston ya zana a bikin MTV na 1992. Suna kuma kafa hujja da kundinsa Fun, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a 1994 da naɗi mai tsabta, kasuwa ta ƙi shi. Sai dai rashin ciniki shaida ce a kan kasuwa, kuma wanda ya saba da muryar taurarin rediyo da wuya ya sayi ta Johnston, ko an wanke ta.

Gwajin da ya fi dacewa shi ne a raba waƙar da mai ita a ga ko za ta tsaya. An yi hakan. Mawaƙan Yo La Tengo sun rera waƙarsa Speeding Motorcycle a 1990, sannan a 2004 Tom Waits da Beck da wasu suka sake rera waƙoƙinsa a kundi guda. Ba shuuu, ba rawar murya, amma karin ya zauna daram, domin yaron da ya tashi yana haddace Beatles ya san inda amshi ke faɗawa. Tausayi kan sa a sayi kaset, ba ya sa mawaƙi ya ari waƙar wani.

Johnston ya rasu a Waller ta Texas a Satumbar 2019, yana da shekara 58. Ya cancanci a lissafa shi cikin gwanayen tsara waƙa.