Yadda za ka mayar da rahoton gonarka na WhatsApp ya zama lissafi a Excel ko Google Sheets



Yawancin ƙananan masu kiwon da na sani a nan Jushi da Samaru da cikin Sabon Gari ba kiwon kaɗai suke yi ba. Wani ma'aikaci ne a ABU, wani yana da shago a kasuwar Sabon Gari, wata kuma malamar makaranta ce. Sai a bar yaro ko ƙani yana kula da kajin, da yamma ya turo rahoto ta WhatsApp: ƙwai kaza aka ɗauka, kaza ɗaya ta mutu, abinci ya kusa ƙarewa. Rahoton yana zuwa kullum, amma ka tambayi mai gonar nawa kiret ɗaya yake ci masa na abinci a watan jiya, sai ya yi shiru. Bayanin yana cikin wayarsa, sai dai a warwatse yake, ba ya taruwa balle ya lissafu.

Maganin wannan ba sai ka zauna ka sake buga lambobin ɗaya bayan ɗaya ba. Excel da Google Sheets suna iya raba layin rubutu ɗaya su zuba kowace lamba a gidanta, in dai an rubuta layin da tsari. Kusan duk aikin yana wajen rubuta saƙon ne, ba wajen kwamfuta ba.

Takardar lissafi gidaje ne a jere. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan kwance kuma lambobi, 1, 2, 3. Abin da muke so shi ne kowace rana ta samu layin kwance ɗaya, kowane irin bayani kuma ya samu layin tsaye nasa. Manhaja ba ta jin Hausa, ba ta san ƙwai ba, ba ta san dusa ba. Abin da take nema kawai alama ce da za ta nuna mata inda bayani ɗaya ya ƙare wani ya fara. Mafi sauƙi a allon waya shi ne waƙafi.

Ka zauna da yaronka ku tsayar da jeri ɗaya wanda ba zai canza ba. Ga wanda nake ba masu kajin ƙwai: kwanan wata, yawan kajin da ke raye, ƙwan da aka ɗauka, wanda ya fashe, kajin da suka mutu, kilo na abincin da aka zuba. Rahoton kwana uku zai fito haka:

2025-03-01,200,168,3,0,23
2025-03-02,200,171,2,0,23
2025-03-03,199,160,4,1,23

Babu gaisuwa a ciki, babu "kilo", babu "guda". Gaisuwa ya turo ta a saƙo daban, ba wanda ya hana.

In kwamfuta gare ka, ko za ka shiga ɗaya daga cikin shagunan buga takardu na bakin ƙofar jami'a a Samaru, ka buɗe Excel, ka kwafi layukan ka manna a gidan A2. Danna gidan sau ɗaya kawai kafin ka manna. In ka danna sau biyu, duk layukan za su cunkushe a gida ɗaya. Sai ka zaɓi gidajen da rubutun ya shiga, ka je Data, ka danna Text to Columns, ka zaɓi Delimited, ka sa alama a Comma. A mataki na ƙarshe akwai wurin da aka rubuta Destination, ka sa B2 a nan domin asalin rubutun ya zauna a layin A ba a taɓa shi ba. Danna Finish, shi ke nan, kowace lamba ta koma gidanta.

In waya kaɗai gare ka, kamar yawancinmu, Google Sheets ya ishe ka. Manna layukan daga A2, sai ka je B2 ka rubuta wannan:

=SPLIT(A2,",")

Za ka ga lambobin sun bazu daga B zuwa G. Kwafi gidan B2 ka manna a B3, B4 har ƙasa. In a gidan kwanan wata ka ga wata lamba kamar 45717, kada hankalinka ya tashi, haka manhajar take ƙirga kwanaki a cikinta. Ka canza tsarin layin B zuwa Date, 1 ga Maris 2025 za ta fito.

To ga wuraren da ake tuntuɓe, kuma kowanne yana iya sa ka yanke hukunci kan lissafin ƙarya.

Na farko, waƙafi a cikin kuɗi. Mun saba rubuta 15,000, amma manhaja tana ganin waƙafin za ta raba shi gida biyu, 15 da 000, duk abin da ke gaba ya gusa gida ɗaya. A rubuta 15000 kawai, ba waƙafi, ba N a gaba, ba 15k. Duk lambar da aka haɗa da harafi ta zama rubutu, tarawa za ta tsallake ta ba tare da ta faɗa maka ba. In yaron ya kasa barin waƙafi a kuɗi, ku koma raba bayanai da waƙafi mai ruwa, wato. Sai ka zaɓi Semicolon a Excel, ko ka sa shi a madadin waƙafin da ke tsakanin alamun zance a cikin SPLIT.

Na biyu, barin gurbi. Ranar da babu kazar da ta mutu, a rubuta 0. SPLIT yana watsar da gurbin da babu komai, sai kilo 23 na abinci ya faɗa gidan mace-mace, ka buɗe takarda ka ga wai kaji 23 sun mutu.

Na uku, kwanan wata. Mu 05/03 muna nufin 5 ga Maris, amma manhajar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 3 ga Mayu. Shi ya sa na fara da shekara, sai wata, sai rana. Wannan jerin ba ya rikicewa.

Na huɗu, kwafar saƙonni da yawa lokaci ɗaya. In ka zaɓi saƙo biyar a WhatsApp ka kwafa, yana liƙa wa kowanne lokaci da sunan mai turowa a gaba, ya ɓata maka jerin. Gara duk ranar Asabar yaron ya haɗa rahoton mako a saƙo ɗaya, kowace rana a layinta.

Na biyar, lambar waya. In kana jera masu sayen ƙwai ko kifi, sifilin farko na 080 zai ɓace, don manhaja ta ɗauke ta lambar lissafi. A matakin ƙarshe na Text to Columns ka zaɓi Text wa wannan layin. Sannan ka tabbata gidajen dama babu komai kafin ka raba, domin rabawar tana iya hawa kan abin da ke wurin.

Yanzu ga ribar wahalar. A H2 ka rubuta =D2/C2*100. Ƙwai 168 daga kaji 200 ya ba ka kashi 84 cikin ɗari. Rana ta uku ta sauko kusan 80. Rana ɗaya ba komai ba ce, amma in ka ga tana sauka kwana huɗu, biyar a jere, akwai magana: ko zafin Maris da Afrilu na Zariya ya fara hana su ci, ko ruwa yana yankewa da rana, ko cuta na shigowa, ko kuma ƙwan yana bin wata hanya. Kilo 23 ga kaji 200 kuwa giram 115 ke nan kowace kaza, daidai da abin da kaza mai ƙwai take ci, ko Shika Brown ɗin NAPRI ce ko ISA Brown. In ya haura sosai ƙwai bai ƙaru ba, ko ana zubarwa, ko ɓeraye na da rabo.

A ce, don misali kawai, buhu mai kilo 25 ka saye shi naira 15,000. Kilo ɗaya 600 ke nan, abincin yini 13,800. Ƙwai 168 kiret 5.6 ne tunda kiret 30 yake ɗauka, don haka kowane kiret ya ci maka kusan naira 2,460 na abinci kaɗai, ban da magani da albashi da kuɗin kajin. Ka sa farashinka na yau a wurin. Da wannan lambar za ka san farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba in dillali ya zo, kuma da ita za ka gane lokacin da kajin suka daina biyan abincinsu, gara a sayar da su.

Masu tarwaɗa, tsarin ɗaya ne: kwanan wata, lambar tafki, kilo na abinci, girman ƙwayar abincin, kifin da ya mutu. Ranar kwasa ka tara abincin duka ka raba da kilon kifin da ka samu, ka ga kilo nawa na abinci ya haifar maka da kilo ɗaya na kifi. Duk mai son saka kuɗi a gonarka ko ba ka rance, irin wannan takardar zai fara nema.

Kada ka jefar da littafin gona don ka koyi wannan. Yaro ya fara rubutawa a littafi, sannan ya turo, duk ƙarshen wata ka kwatanta biyun. Ka fara da rahoton mako ɗaya kawai, in ya zauna sai ka ci gaba.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara.