Tafiya mai nisa tana son ƴan rakiya

A cikin wasannin motsa jiki da ake yi a duniya akwai wani tsere mai wuyar gaske da ake kira tiriyatilon, wato tsere uku a haɗe. Mai yin sa yana farawa da iyo, in ya fito daga ruwa ya hau keke, in ya sauka daga keke ya kama gudu, kuma ba a tsayar masa da agogo a tsakani. Wanda ya fi suna a cikin masu nisa shi ne Ironman, ma'ana mutumin ƙarfe: iyo kilomita 3 da mita 800, keke kilomita 180, gudu kilomita 42 da mita 195. An fara shi ran 18 ga Fabrairu 1978 a tsibirin Owahu na Hawayi, ƙasar Amurka. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe, wanda ya zo na fari kuwa, Gordon Haller, ya yi awa 11 da minti 46.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan mutumin Abzin da tseren iyo, shi da ƙoramunsa ba su kawo ruwa sai da damina? Abin da ya sa muka kawo zancen shi ne mutanen da ke tsaye a bakin hanya tun asuba har dare suna jiran ɗan uwa ko aboki ya wuce. Aikin da suke yi aiki ne na gaske, kuma mutanen Tabelot sun daɗe da saninsa.

Abin da doka ta hana aboki

Dokar wannan tsere ta hana ɗan tsere karɓar taimako daga wanda ba ya cikin masu shirya wasan. Ruwa da abinci sai a wuraren da aka keɓe. In tayar keke ta fashe, aboki ba shi da ikon sa hannu, kuma ba a yarda ya bi shi a guje yana ja masa gaba ba. Wanda ya karya wannan doka ana iya fitar da shi daga tseren. Dokar tana da tushe mai nisa. A wasannin Olimpik na Landan a 1908, wani ɗan Italiya, Dorando Pietri, ya shigo fili yana kan gaba a gudun maraton, amma gajiya ta yi ta kayar da shi. Jami'ai suka ɗaga shi har ya ƙetare layi, saboda haka aka hana shi lambar zinariya aka ba Johnny Hayes na Amurka.

To, me ya rage wa aboki? Ƙafarsa da muryarsa. Masu iya abin ba su tsayawa a wurin tashi kaɗai, inda kowa ke da ƙarfi. Suna neman wurin da hanya ta yi tsauri, ko tsakiyar gudu inda jiki ya fara ƙi, su kira mutum da sunansa, su faɗa masa gaskiyar abin da ya rage masa. A kan ba ƴan tsere awa 17 su gama. A Kona, inda aka mai da tseren Hawayi a 1981, al'ada ce waɗanda suka yi nasara tun da rana su komo wurin ƙarewa da dare, su tari na ƙarshe tare da jama'a.

Ayarin Balma

Tabelot gari ne na gundumar Cirozerin a jihar Agadas, a gindin duwatsun Bagzan. An san shi da lambuna, musamman albasa. An kuma san Abzinawan wannan yanki da ayarin gishiri, wanda suke kira taghlamt. Ayari neman abinci ne, ba a ba da lamba a ƙarshensa, amma shi ma kashi uku ne. Wajen watan Oktoba ake tashi a ratsa Tenere, a bi ta Fashi zuwa Balma, tafiyar da ta wuce kilomita 500, a sayo kantun gishiri da dabino a komo. Bayan ɗan hutu a gangara kudu, Damargu, Damagaram, har Kano, a sayar. Daga nan a ɗauko gero a komo gida kafin damina.

A cikin Tenere babu ciyawa, rijiyoyi kuma suna nesa da juna. Ayari yana tafiya tun safe har cikin dare ba ya tsayawa, ko fura a kan tafiya ake damawa a sha. Madugu ne ke riƙe da hanya, da rana da taurari. Duk wanda ya shiga wannan rairayi, babu ɗan uwan da zai iya ɗauke masa taki ɗaya.

Saboda haka ne taimakon na gida yake zuwa tun kafin a tashi. Makonni ake yi ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami dami domin raƙuma, ana tufka igiya, ana gyaran salka. Mata suna daka gero, su haɗa guzuri da cuku da dabino. Ran tashi a yi rakiya, a yi addu'a, a rabu. Sa'an nan mata da yara da tsofaffi su riƙe awaki da gida har watanni, domin mai tafiya ya tafi da hankali kwance. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe raƙuma da yawa, motoci kuma sun karɓe wani kashi na jigilar gishiri, har ayarin yau bai kai na da ba. Amma darasin yana nan: tafiyar mutum ɗaya, aikin gida guda ce.

Turmi da guɗa

Wurin da murya ke yin aikinta a fili shi ne wasan raƙuma. A bukukuwan Abzin mata suna rufe turmi da fata su mai da shi kiɗan tende, su zauna kewaye da shi suna tafi suna waƙa, mahaya kuma suna zagaya su bisa raƙuman da aka yi wa ado. Ana yabon raƙumi da mai shi, guɗa tana tashi. Haka ake gani a bikin Abzin na Iferwan da taron lasar gishiri na Ingal, inda ake yin tseren raƙuma. Mai guɗa ba ta riƙe akala, amma mahayin da ya ji an ambaci gidansu ya san ba shi kaɗai ne a fili ba.

Ɗan Nijar ma ya taɓa cin moriyar wannan hali a ƙasar waje. A wasannin Olimpik na Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu daga Yamai, ya shiga tseren kwalekwale na mita 2000 bayan horo na wajen wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe a karon fari da minti 8 da daƙiƙa 25, nesa da sauran. Duk da haka ƴan kallo, waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, suka yi ta tafi da sowa har ya kai layi.

Abin da ya rage gare mu

Idan baƙi sun yi wa ɗanmu haka, bai kamata mu gaza a gida ba. Sau da yawa a tseren makarantu da na bukukuwa, da zarar na ɗaya da na biyu da na uku sun shigo sai manyan baƙi su tashi, jama'a ta watse, yaron da ya yi ta fama a baya ya iso ya tarar ana kwashe kujeru. Da wuya irin wannan yaro ya sake shiga tsere baɗi, alhali kuwa juriyar da ta kai shi ƙarshe ita ce ake nema a wasanni masu nisa.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Magadan gari da malaman makaranta da shugabannin matasa su tanadi wuraren ruwa a kan hanya, su sa ma'aikacin lafiya a kusa, su rarraba masu tafi a wuraren wuya, kada a tara su duka gaban rumfar manya. Kada kuma a rufe fili sai na ƙarshe ya shigo. Kai kuma da abokinka ke shirin tsere, ka tambaye shi tun da wuri abin da yake bukata, ka san hanyar da dokarta, ka riga shi isa inda zai fi jin jiki, ka tanadar masa ruwa da inuwa a wurin ƙarewa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Tabelot, wanda ya yi wa ayari rakiya shi ne kuma yake fita tarbarsa.