Kafin a aza tubali, me ya sa ake fara zana gida a takarda?

Da yawa daga cikinmu, da zarar an samu fili sai a kira magini, a tsaya a wurin, a ja layi da ƙafa a ƙasa: nan ɗaki, nan zaure, can bayi. Shi ma wannan zane ne, kuma da shi kakanninmu suka yi ta gini. Sai dai gidan siminti da ƙarfe ba ya yafe kuskure kamar gidan laka. Bango ya tashi, ka ce a matsar da shi, to kuɗi sun tafi.

Mai zanen gini, wanda ake ce wa arshitek, da fensir yake tunani. Zanensa na farko ɗan tsara-tsara ne, ya zana ya goge har shi da maigida su fahimci juna. Daga nan sai plan, wato gidan kamar an ɗauke masa rufi ana kallonsa daga sama. Galibi santimita 1 a takarda tana matsayin mita 1 a ƙasa. A nan ne za a gane ko baƙon da ke zaure zai hango tsakar gida, ko gado zai shiga ɗaki. Akwai kuma zanen da ke nuna ginin kamar an yanka shi da wuƙa, don a ga zurfin tushe da tsawon bango da inda ruwan rufi zai zuba. A ganina wannan ya fi zanen fuskar gida muhimmanci, duk da cewa fuskar ce ke burge mutane. A ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, don haka tagar da aka buɗe ta can ba kariya, damina ce za ta ba ka labari.

Da zanen ne kuma ake lissafa buhun siminti da ƙarfe, da shi ake neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari.

Ku dubi Dandaji a jihar Tawa. Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar, tare da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci na tubalin ƙasa da aka matse, suka maida tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Magina na gari ne suka yi aikin tare da su, zane a hannu, ƙasar wurin a ƙarƙashin ƙafa.