Ɗanki na neman kwamfuta ta biyu? Dakata kafin ki taɓa kuɗin adashe

Uwargida, idan ɗanki ya matsa miki a kan kwamfuta ta biyu don ya riƙa haska wasan gem ɗinsa kai tsaye a Twitch ko YouTube, kada farashin da ya faɗa ya tsorata ki. Ta farkon ce ke ɗauke da nauyin wasan. Ta biyun karɓar hoton kawai take yi, ta matse shi, ta tura intanet. Tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, mai Core i5 da RAM giga 8, ta wadatar. Sai ƙaramar na'urar ɗaukar hoto da ke haɗa su biyun ta wayar HDMI. Manhajar OBS kyauta ce.

Data ce ke cin kuɗin. Haskawa mai tsabtar hoto kan lashe kusan giga 3 a awa ɗaya, ga kuma man janareta. Ki lissafa na wata guda tukuna.

Twitch ba ta karɓar wanda bai kai shekara 13 ba. Ni dai a falo zan ajiye ta, inda zan ga masu yi masa magana, kuma ƙarfe tara a kashe. Yaro mai makaranta da safe barci yake buƙata.